Tayar da Ba Ta Taɓa Taka Ƙasa Ba

Na sha jin ku kuna ba baƙi labarin motar nan da ke kwance ƙarƙashin rumfar zana a bayan gida. Kukan ce Babanku Haruna ya bar mini ita amana, ni kuma na riƙe amanar yadda ba a saba gani ba. Ran sunan ɗan 'yar'uwarku Mariyama har wani dattijo ya yi misali da ni, ya ce matasan Dakoro su koyi riƙon amana wurin Isuhu mai faci. Na sunkuyar da kai, kuka ɗauka tawali'u ne, alhali kunya ce ta hana ni ɗagowa. Mahaifiyarku Rabi ta san gaskiyar maganar, ta rufa mini asiri har ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya jiƙanta. Yanzu ita ba ta nan, Yaya Haruna ba ya nan, ba mai ƙaryata ni in na ci gaba da karɓar yabon da ba nawa ba. Shi ya sa nake so in sauke shi da hannuna tun ina da sauran numfashi.

Yaya Haruna ya girme ni da shekara bakwai, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabin rayuwarsa ya yi shi yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da can arewa, inda yake cewa sai ka kwana uku kana tafiya ba ka ga abin da ya kai tsayin gwiwarka ba. Da ƙarfi ya fara raguwa ya dawo gida, jama'a suka zuba ido su ga abin da ya taro. Masu irin aikinsa shanu suke saya su ba Fulani kiwo, ko su kafa shago a bakin kasuwa. Shi kuwa sai ga shi da wata 'yar mota ɗaure da igiya a bayan kamyo, koriya shar, gajera har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Kujerunta biyu tak, injinta a baya, wurin kayanta a gaba, komai nata a juye. Wani Bature ne ya ƙetaro hamada da ita tun zamanin da suke kawo motoci suna sayarwa, ta mace masa a Agadas, ya bar ta a wani garaji ya yi gaba. Ta yi shekaru a can kaji na saka ƙwai a cikinta kafin Yaya ya ɗora ido a kanta. Ranar da aka sauke ta, rabin unguwa ya taru, wani maƙwabcinmu mai sayar da awaki ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Haruna, wagga mota ina za ka aza buhun hatsi?"

"Ba ta hatsi ba ce," in ji Yaya.

"To ta mi ce?"

"Ta teku ce."

Aka yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Da gaske yake. Ya ce ya ga rairayi har ya ƙoshi, abin da ya rage masa shi ne ya ga ruwan da ba shi da wancan gaɓa. Shekara huɗu ya yi yana tashin motar daga mutuwa, yau ya aika a nemo masa wani ƙarfe a Maraɗi, gobe ya ƙera wani da hannunsa. Ranar da ta tashi, awakin gidan nan sai da suka tsinke igiya. Bayan haka tafiyar ba ta yiwu nan da nan ba, don kullum da abin da ke gitta masa, auren 'ya'yansa mata, rashin lafiyar tsohuwarmu, jiran a gama gyaran hanya. Bai damu ba, don a ganinsa teku ba inda za ta je. Kowace la'asar sai ya shiga ya zauna a kujerar direba, ni in zauna a ɗayar, mota na tsaye, ya riƙa zana mini hanyar da bakinsa. Mu fita Dakoro da sassafe, mu hau kwalta, mu karya kumallo a Ƙonni, mu wuce Dogon Dutsi da Doso, mu kwana Gaya, mu ƙetare kogi, mu yi ta gangarawa kudu itatuwa na ƙara tsawo har mu ji iska ta canza wari. A Kwatano zai tsayar da ita hancinta na kallon ruwa, ya kashe inji, mu zauna mu yi shiru. Ya faɗe ta sau ba adadi, har ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba na san inda kowace kwana take, na san rumfar da za mu sha shayi. Wani lokaci in mun fito daga motar don sallar magariba sai in ji ƙafata na rawa kamar wanda ya sha doguwar tafiya.

A hancin motar, ƙarƙashin murfin gaba, akwai wani rami da aka yi daidai da tayar ko-ta-kwana, wadda mu nan muke kira sakur. Ku da kuka taso a rumfata kun san sakur, amma ba ku san irin wannan ba. Ran da Yaya ya fara buɗe ta ya nuna mini, na ɗauka matacciya ce. Jantinta, ƙarfen da robar ke zagaye, cikakke ne, amma robar ta shige ciki ta naɗe kanta, gefe da gefe sun kwanta a kan juna, ba ta fi rabin taya ba. Ga ƙananan gashin nan na sabuwar roba a jikinta, alamar ba ta taɓa taka ƙasa ba tun da aka yi ta. Hannuna ya kai ga bakin iskar tun kafin in yi tunani. Ya buge shi.

"Kul, Isuhu. Wagga ba irin taku ba ce."

"Yaya, ai ba iska ciki. Sakur da ba iska gawa ce."

"Haka anka yi ta. Barci take. In taya ta hwashe a hanya, ka ɗaga mota, ka ɗaura ta yadda take, sannan ka hura mata da ɗan injin nan nata, kaɗan, daidai abin da anka rubuta. Ita da kanta take buɗewa. In an gama a sace iskar, ta koma ta naɗe."

"Ka taɓa gani?"

"Ban taɓa ba. Ta tsuhwa ƙwarai. Ƙila buɗewa ɗaya ta rage mata, ba ni ɓarnar ta a tsakar gida."

Yadda yake kula da ita ya zama abin tsokana a gidan nan. Juma'ar farko ta kowane wata sai ya kwance ɗamarar da ta riƙe ta, ya fito da ita cikin inuwa, ya aza ta a tabarma, ya goge ta da busasshen ƙyalle, ya bi lungunan naɗin da hodar jarirai don kada robar ta manne ta tsage. Ba ya barin rana ta gan ta, ba ya barin mai ko man inji ya taɓa ta. In ya gama ya naɗe ta a wani farin yadi ya mayar da ita raminta, ya ɗaure, ya dafa ta da tafin hannu sau biyu kafin ya rufe. Rabi takan leƙo daga madafa ta ce, Yaya, an yi wa amarya kwalliya? Shi kuma ya ce mata ai wannan amaryar ba ta cin cefane. Yana son Rabi ƙwarai, ita kaɗai ke tsokanarsa ya yi dariya har haƙoransa su fito.

Sai kun san halina kafin ku gane abin da na yi. Shekara talatin ina faci a lokacin. Ina da doka ɗaya da duk direban da ke zuwa kasuwannin Mai Yara da Ɗan Gulbi da Rumbu ya sani: ba motar da ke barin rumfata ban duba sakur ɗinta ba, ko an sa ni ko ba a sa ni ba. Na ga abin da rana ke yi wa mutane in taya ta fashe a daji aka sauko da sakur aka tarar da ita lakwas. Ba na amfani da ma'auni, kunnena ne ma'aunina. In hura, in ƙwanƙwasa da ƙarfe, in ji amon da nake so, in ce a tafi. Ina alfahari da wannan, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce kunnena ya yi ƙarya. To ku duba mutum irina, a ce a gidansu, bayan ɗakinsa, akwai taya kwance ba iska shekara da shekaru, an kuma hana shi taɓawa. Abin yana ci mini rai. Nakan ce wa kaina don lafiyar tafiyarmu nake damuwa, wa ya san ko za ta buɗe ranar da ake bukata? Amma gaskiyar ita ce so nake in gani. Duk tayar duniya na san cikinta, ban da wannan.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari, idon Yaya ya fara ba shi tsoro. Ya ce gefe-gefe na rufewa, kamar yana leƙen duniya ta bakin tulu. Aka shirya ya je Maraɗi wurin likitan ido, zai kwana goma. Da zai hau motar haya ya zaro makullin koriyar motar daga aljihu ya sa mini a hannu.

"Ka riƙa tashe ta kowace sahiya ta ɗan yi ɗumi. Sauran ka bari sai na dawo."

Kwana uku na yi ina tashin inji ina kashewa, ina wuce murfin gaba kamar ban san da shi ba. Ran na huɗu da hantsi na buɗe. Na shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, na kwance farin yadin, na ɗauko famfon hannu da nake hura tayar amalanke da shi. Rabi na surfe a tsakar gida, ta tsayar da taɓarya.

"Malam, mi za ka yi?"

"Dubawa kawai. Aikina ne."

"Ya ce a bari."

"Rabi, shi direba ne, ni mai taya ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ba ta koma ga turminta ba. Na fara hurawa a hankali. Da farko ba abin da ya motsa, har na fara jin daɗin cewa na yi gaskiya, matacciya ce. Can sai ta yi wani ɗan nishi. Hodar da Yaya ya shekara yana zubawa ta taso daga lungunan ta tsaya a cikin hasken da ke ratsowa ta zana, fara, tana juyawa ba ta sauka. Gefe ɗaya ya ɗago, ya tsaya, ɗayan ya biyo shi. Robar da ke cikin naɗin, wadda rana ba ta taɓa gani ba, ta fito baƙa wuluk tana sheƙi, da ƙamshin sabuwar taya, ƙamshin da aka rufe tun kafin a haifi wasunku. Tana buɗewa tana girma, ba gaggawa, kamar mai miƙa bayan dogon barci, har ta cika ta zama taya sosai, zagayayya, ba ko tabo. Na saki famfo na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Wallahi a zaunen nan na ga hanyar duka, na ga itatuwan kudu, na ji iskar da yake faɗa. Ko kukan kurciya na daina ji. Ban taɓa jin daɗi a sana'ata irin na wannan hantsin ba, kuma ba zan ɓoye muku wannan ba ko da yake shi ne mafarin ɓarnar.

Da na tsaya nan, ƙila da ba abin da ya faru. Amma hannu ya riga ya saba. Na ɗauki ƙarfe na ƙwanƙwasa, amon bai yi mini ba, ya yi taushi. Kunnena ya saba da tayar motar kasuwa mai ɗaukar buhu arba'in da raguna a sama, na manta wannan ba ita ba ce, na manta an ce kaɗan. Na ƙara iska, na ƙwanƙwasa, na ƙara. Sai na ji ƙarar da duk mai faci ya sani ko cikin barci, siririya, ba ta yankewa. Na ce Rabi ta miƙo ruwan sabulu, na shafa a layin da robar ta shekara a naɗe. Kumfa ya tashi zagaye guda, ba wuri ɗaya ba, ba biyu ba. Tsagar gefe ce, ita kuwa ba ta da faci, ko wa ya koya maka aiki. Na sace iskar ina addu'a ta koma yadda take. Na jira har azahar, na jira har la'asar. Ta tsaya rabi a buɗe, ta ƙi komawa, ta kuma ƙi shiga raminta.

"Ƙaramin sani ƙunƙumi ne," in ji Rabi, a hankali, ba da faɗa ba. "In ya dawo ka hwaɗa mishi tun bai sha ruwa ba."

Na ce to. Da niyyar faɗar na kwana har ranar da ya dawo. Amma ya sauko daga mota da labarin da ya fi nawa nauyi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya yi nisa, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Hasken da ya rage ƙila ya kai shekara, ƙila bai kai ba. Ya faɗa mana haka a tsakar gida yana shan fura, kamar labarin wani yake bayarwa. Da ya ajiye ludayi sai ya juyo gare ni fuskarsa a sake.

"Jira ya ƙare, Isuhu. Ni ba ni iya tuƙi yanzu, kai za ka ja mu. Sati mai zuwa mu tahi, tun ina ganin abin da ke gabana."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na dubi fuskarsa, na kasa. Kafin ya dawo na riga na matse tayar da igiya, na danna ta da gwiwa har ta shiga ramin da ƙyar, na lulluɓe ta da yadinta. Na ce a raina, in na sami wata irinta na musanya, ba sai ya ji ba, ga abin da ke damunsa ya ishe shi. Fita ba sakur kuwa, tafiyar kwana da kwanaki, da mai larurar ido a gefena, wannan ko a mafarki dokata ba ta yarda ba. In na ɗaura taya ta gari a rufin motar, zai tambayi dalili. Saboda haka na ce masa a bari ruwan farko ya sauka, zafi ya yi yawa, inji zai wahala. Ya ce to, kai ne direba. Juma'ar farko ta wata na ce masa hoda ba ta da kyau ga idonsa, ni zan riƙa yi. Ya miƙo mini gwangwanin ba musu. Ya dai zo ya tsaya, ya dafa yadin da tafin hannu sau biyu yadda ya saba, ya ɗan jima hannunsa a kai, ya juya ya koma inuwa.

Haka shekarar ta tafi, ina jin kunyar lissafa muku ita. Da damina na ce ruwa ya yanke hanya wajen kudu, direbobi sun faɗa mini. Da kaka na ce a bari a shigar da hatsi rumbu. Da sanyi ya shigo na ce akwai wani ƙara a ƙafar baya da ban yarda da shi ba. A ɓoye kuwa ba wanda ban aika ba. Na ba direbobin Maraɗi awon jantin, na sa an duba Kano, na sa wani mai zuwa Kwatano ya zagaya inda ake sayar da tsofaffin kayan mota, na sa an ɗauki hotonta a waya an tura wa wanda ya san wani. Kowa sai ya dawo ya ce ba su taɓa ganin irinta ba, wasu su ce an daina yin ta tun tuni. Duk wanda ya ce mini a jira wata mai zuwa, sai in riƙe maganarsa in ƙara wa Yaya wani dalilin. Shi kuwa bai fasa zaman la'asar ba. Yana shiga da lalube yanzu, ya bar mini kujerar direba, ya zana hanyar kamar kullum. Sai dai ya fara tambayata abubuwa. Wace kala sama take yau? Waccan akuya ce ko buhu? Ina amsawa, in fito in tarar da Rabi tsaye a ƙofar madafa tana dubana.

"Malam, ramin ƙarya ƙurarre ne. Taya kake jira, shi ko ido nai ba ya jiran kowa."

"An ce akwai wata a Lome."

"Wancan watan ma an ce. Ka ji tsoron Allah, ka hwaɗa mishi. Ko ni in hwaɗa."

"In kin hwaɗa, ban yahe ba."

Wannan kalmar ma ina neman gafararta, don da ita na ɗaure bakin matar kirki. Ta yi kuka ran nan, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Hasken ya ƙare masa gab da bazara ta zagayo. Ba wani abin ji aka yi ba. Da safe ya fito ya ce wa ya rufe rana, muka duba, rana na nan tsaye. Ya ce to, Alhamdu lillahi, ya nemi a ba shi sanda. Sati biyu bayan haka, da la'asar, na kama hannunsa na kai shi motar, muka zauna. Bai fara zana hanya ba. Ni kuma abin da na shekara ina dannewa ya ƙi dannuwa, lokacin da faɗarsa ba ta da sauran amfani.

"Yaya, akwai maganar da nike son in yi."

"Ta sakur?"

Na ce, "Ka sani?"

"Tun Juma'ar da kak karɓi hoda. Shekara nawa ina dahwa ta? Hannuna ya ji igiya ƙarƙashin yadi, ya ji ta ɗago."

"Mi ya hana ka magana?"

"Kai mi ya hana ka? Ga ka da hurhura, ga ɗiyanka, ga matarka na ji. In tsare ka in ce ka ci amana? Na ce bari shi hwaɗa da bakinai, gobe zai hwaɗa. Kullum sai ka zo da ruwa, ko hatsi, ko ƙahwar baya."

Na gaya masa komai, da famfon, da ƙarin iskar, da aike-aiken da na yi. Na ce tsoro na ji in fita da shi ba sakur. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Isuhu, motoci nawa ke zuwa Kwatano da ƙahwa huɗu da Bisimilla? Da ka ce mani ta lalace, da mun ɗaura wata a sama da igiya mun tahi. Ba taya nike son gani ba."

Ni na yi masa kara, shi ya yi mini kawaici, muna zaune kafaɗa da kafaɗa kowace la'asar har shekara ta cinye abin da ya rage masa. Ba na ɗora masa laifi, babba ne, ya yi abin da aka koya mana babba ke yi. Ni ne na san gaskiya tun farko, ni ne kuma makulli ke hannuna. Hawaye suka zubo mini, na gode Allah da ba ya gani, sai na tuna yana ji.

"Gobe mu tahi, Yaya. Wallahi gobe da asuba."

"In ga mi?"

Muka zauna, kaji na tono a ƙarƙashin motar, Rabi na tankaɗe a tsakar gida ta rage ƙarfin hannunta don ta ji. Can ya laluba ya dafa gwiwata.

"Na yahe maka, kada ka kai maganar lahira. Amma abu guda za ka yi mani. Shekara goma sha ina shahwa mata hoda ban taɓa ganin cikinta ba. Kai ka gani. Hwaɗa mani ƙaƙa take in ta buɗe."

Na fara faɗa. Na faɗi nishin da ta yi, da hodar da ta tsaya cikin haske, da gefen da ya fara ɗagowa. Ya jingina kansa da kujera.

"Sannu-sannu, kana sauri. Koma wurin hodar."

Na koma. Sau uku ya sa na maimaita masa ran nan, har aka kira magariba muna ciki. Ya yi shekara biyu bayan haka, muna zaman la'asar ɗinmu kamar da, amma bai ƙara ambaton teku ba har Allah ya karɓi abinsa.